Ruwan Guga

Jiya ma'aikacin banki ya ce in rubuto mashi kuɗin da ke shigo mani da waɗanda ke fita kowane wata. Nan take marigayi Kawu ya faɗo mani a rai.

Shekarar da na fara sayen hatsi, na zuba jarina kaf na cika mangaza, ɗakin ajiyata, na jawo Kawu ya gani ina taƙama. Ya damƙi hatsin, ya tauna ƙwaya, ƙaiƙayi na bin farin gemunsa.

"Madalla. To, mai kamiyon Kornaka da ya yi maka dakon hatsin, da mi za ka sallame shi gobe?"

Na shafa aljihu, ko dala babu.

"Ɗana, rijiya taka ce, amma raƙumi ruwan guga yake sha."

Shi ya biya mai motar. Tun ranar gugana bai bushe ba, kullum da kuɗi a hannuna. Kawu, Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara.