Sarauniyar Cikin Rumbu

Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu karatu, ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ya same ni tun ina budurwa, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, in ban da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa.

A lokacin ni yarinya ce mai yawan shiru da yawan tunani, a wani gari da ke gindin duwatsun Kwatarkwashi, a ƙasar Bunguɗu. Mahaifinmu malami ne kuma manomi. A hannunsa na sauke Alƙur'ani, na shiga littattafai, na iya rubutun ajami, har nakan ɗan tsara baitoci in ɓoye kayana. Babu abin da ke ɗauke mini hankali kamar labarin mutanen da. Kakarmu, wadda aka auro daga 'Yandoto, ita ta saba mini da zancen tsohon birni da malamansa da rijiyoyinsa da suka cike. In aka aike ni ɗibar ruwa na tsinci guntun kasko a hanya, sai in tsaya ina jujjuya shi, ina tunanin hannun da ya gina shi, har Inna ta aiko a tambaye ni ko rijiyar ce ta yi ƙaura. Da Baba ya ga ina da haƙuri da yara, sai ya bar mini ƙananan 'yan matan unguwa ina biya musu karatu da safe a tsakar gida. Cikinsu har da autarmu, wadda ko famfara ba ta fara ba, kullum tana manne da gefen zanena.

Yayana ya yi makarantar boko, yana aikin akawu wajen masu hanyar jirgi. Wata rana ya zo ganin gida da wani littafin Turanci da aka yi domin yara, wanda wani Bature ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Labarin mutanen Masar na can da ne a ciki, da hotuna masu launi. Na ga babban koginsu da jiragen ruwa, na ga manyan gine-ginen dutse masu faɗi a ƙasa da tsini a sama, waɗanda yanzu muke kira dala. Ban iya Turanci ba, don haka yayana ya riƙa karantawa yana fassara mini, yana dariya yana cewa in rufe baki kada ƙuda ya faɗa. Ya gaya mini in sarkinsu ya mutu sukan naɗe gawarsa da farin ƙyalle, su kai shi can cikin dala, su ajiye masa abinci da abin sha da kayan da ya fi so, su toshe ƙofa su ɓoye hanyarta. Da zai koma Gusau ya bar mini littafin. Na zauna na rubuta abin da na riƙe da ajami, cikin kalmomi masu sauƙi, don in riƙa karanta wa yarana in sun gama biya allo.

Yaran suka so labarin fiye da yadda na zata. Sukan yi cincirindo a kan hotunan, suna gardamar ko dala ta kai dutsen garinmu tsawo. Amma ranar da na iso wurin mutuwar sarki, sai na dubi fuskar autarmu na kasa. Kaka ta rasu a daminar da ta wuce, kuma tun daga nan ko kaza aka ce ta mutu sai yarinyar ta fashe da kuka. Sai na sassauta zancen. Na ce musu sarakuna da sarauniyoyin Masar in sun gaji da mulki barci suke zuwa yi a cikin dala. Na ce ana naɗe su da farin zane don kada sanyi ya kama su, ana ajiye musu fura da ruwa don in sun farka, kuma mai wannan barci ba ya magana ko an kira shi, sai ya tashi cikin ado da ƙawa fiye da da. Da na ga sun yi tsit suna kallon bakina, sai daɗin zancen ya ɗebe ni, na ƙara abin da ma babu shi a littafin. Na ce duk wanda ya tona inda aka kwantar da sarauniya, harshensa zai bushe a bakinsa kamar ganyen kuka. Na yi ta maimaita musu labarin haka, ina jin daɗin kaina, ina ganin na kare su daga abin tsoro.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin ranar da ko tsuntsu ba ya son tashi. Na sallami yara da hantsi, na shige ɗaki ina neman yadda zan tsara wasu baitoci a kan kogin Masar. Ina ji Inna tana faɗa a tsakar gida wai farin zanenta da ta shanya ya yi ƙafa, kuma curin fura ɗaya ya ɓace a cikin ƙwarya, tana tsine wa akuyar maƙwabta. Ban ko ɗaga kai ba. Sai da aka yi azahar aka zuba abinci, Inna ta ƙwala wa auta kira ba a amsa ba, sannan ta leƙo ta tambaye ni ina na ajiye mata ɗiya. Na ce ai na ɗauka tana wajenta. Muka dubi juna.

Aka duba maƙwabta, aka duba bakin masallaci, aka duba gindin tsamiyar da yara ke wasa, babu ita. Kafin ka ce me gari ya ɗauka. Aka zura mutum da igiya cikin rijiyar unguwa. Wasu suka hau duwatsu suna leƙa koguna, suna kiran sunanta, duwatsun na maido musu da muryarsu. Wani ya ce ya ga Fulanin da suka yi sansani a bayan gari suna haɗa kaya da safe, nan take samari suka ɗauki sanduna suka nufi ruga. Baba ya bi su a guje, yana cewa kada wanda ya taɓa bawan Allah a kan zato. Aka tara 'yan matan da nake koya wa karatu aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba. Na ɗauka tsoron taron manya ne ya kama su.

Ni kuwa na kasa zama, na kasa tsayuwa. In shiga ɗaki in fito, in je zaure in dawo, in leƙa bayan randa kamar mutum zai ɓuya a can. Na ɗauki carbi, na ajiye. Duk inda na juya sai in ji kamar ana jan gefen zanena. Rana ta fara karkata, maza ba su dawo ba, Inna ta daina kuka ta koma kallon ƙasa, wanda ya fi kukan tayar mini da hankali. Da na rasa abin yi sai na shiga lungun da autar ke kwana, don ko in ɗauki wani abu nata in riƙe. Na tarar babu 'yar tabarmarta. Babu ƙaramin ludayinta. Babu 'yar tsanar karan da na yi mata. Na tsaya ina tunani, yaron da ya faɗa rijiya ko wanda aka sace ai ba ya tafiya da tabarma da ludayi. Sai farin zanen Inna ya faɗo mini a rai, sai curin fura. Nan take na tuna labarin dala da na ba su.

Na fita da gudu zuwa gidan babbar ɗalibata, wadda ita ce ke shugabantar duk wasan da suke yi. Na same ta a bayan turken awaki ta haɗa kai da gwiwa. Na durƙusa na roƙe ta ta gaya mini inda suka kwantar da sarauniya. Ta zaro ido, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, tana girgiza kai. Uwarta ta zo da tsumagiya tana cewa yau sai ta faɗa ko ta ci ƙaniyarta, na riƙe hannun uwar. Yarinyar ta yi magana ta cikin tafin hannunta, ta ce ai Malama ce da kanta ta ce harshe zai bushe, kuma ai barci kawai take yi, sun ajiye mata fura da ruwa, sun so su je su tashe ta sai suka ga gari ya rikice suka ji tsoro. Mata sun riga sun cika gidan, har da Inna, wadda ban taɓa ganin ta fita da rana tsaka babu mayafi ba sai ran nan. A gabansu duka na faɗi abin da na yi ta gudun faɗa. Na ce mata ƙarya na yi musu. Na ce sarakunan nan ba barci suke yi ba, matattu ne, sun mutu kamar yadda Kaka ta mutu, babu wanda ya taɓa farkawa a cikinsu, kuma zancen bushewar harshe ni na ƙirƙira shi don labari ya yi daɗi. Na ce in ba ta nuna mana ba, ƙawarta ma mutuwa za ta yi.

Yarinyar ta yi wata irin ƙara, ta tashi ta zura a guje, muka bi ta. Ta kai mu gidan Kaka da ke ƙarshen gari a gindin dutse, wanda ba kowa a ciki tun rasuwarta. A bayan gidan akwai babban rumbun ƙasa, irin wanda mu nan muke kira rufewa, mai ƙaramin baki a sama da hular ciyawa. Ba hatsi a ciki. Shi ne dalarsu. Sun hau da tsani, sun zura ta da igiyar guga, sun mayar da murfi, sun ja tsanin sun jefa cikin rami don su ɓoye hanya, kamar yadda na koya musu. Aka kifa tsohon turmi na taka, wata ta ɗaga ni, na ture murfin. Wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunya. Na hango farin abu can ƙasa, na kira ta, shiru. Hannuna bai kai ba, jikina bai shiga bakin ba, maza kuma duk suna daji. Sai Inna ta ce a kawo taɓare. Ni ina sama ina gaya musu gefen da take kwance, su suna dukan ɗaya gefen, mata a jere kamar masu sussuka, Inna na cewa a yi a hankali, ita kuwa ta fi kowa ƙarfin duka. Da ƙasar ta rufta, Inna ce ta fara kutsawa ta jawo autar.

Sun naɗe ta tun daga wuya har ƙafa, da hannayenta a ciki. Ga ƙwaryar ruwa dab da kanta, ba ta da hannun ɗauka. Leɓɓanta sun tsattsage, jikinta kamar garwashi. Muka kwance ta, muka yayyafa mata ruwa, Inna tana ɗiga mata a baki tana salati. Can sai ta yi tari, ta buɗe ido a hankali, ta bi fuskoki har ta same ni. Da wata 'yar murya da sai na kai kunne sannan na ji, ta ce mini ta ji ana kiran sunanta daga kan dutse amma ba ta amsa ba, kamar yadda na ce. Sannan ta tambaye ni ko yanzu ta zama sarauniyar.

Da Baba ya dawo daga ruga, inda Allah ya sa ya isa kafin a taɓa kowa, na ɗauko littafin da takarduna na ajiye a gabansa, na ce ya ƙona. Ya daɗe yana duban hotunan, sannan ya mayar mini. Ya ce littafin bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya ce abin da ya sa ake ba da labarin waɗanda suka gabata shi ne a san sun yi ƙarfi, sun yi gini, kuma sun mutu, ni kuwa na ba yara ginin na ɓoye musu mutuwar. Da ma dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwata ta warke, ta girma, tana aure a Wanke da 'ya'yanta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, takan ma mai da abin wasa ta ce in gaishe ta da ranki ya daɗe. Amma har yau ba ta kwana a ɗakin da aka rufe ƙofarsa komai sanyi, kuma ba ta leƙa rumbu, sai dai ta aika.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na ga littattafan yara suna ƙaruwa a makarantu, da labaran mutanen da da al'adunsu, kuma ina murna da haka, don ni ma ban daina koyar da su ba. Amma ina roƙon iyaye da malamai, musamman masu taushin zuciya irina, kada tausayi ya sa ku gyara wa yaro gaskiya har ta zama wani abu dabam. Yaro ba ya jin labari ya ajiye, gwada shi yake yi da hannunsa, a kan wanda ya fi shi ƙanƙanta. In kun karanta musu, ku tambaye su me suka gane, ku saurara da kyau. Ni yanzu in na iso wurin nan a littafin, nakan ajiye shi in dubi yaran ido da ido, in ce musu sarkin ya mutu. Wasu sukan yi kuka, in rungume su har su yi shiru. Kukan da nake ji da kunnena bai taɓa tsorata ni ba kamar shirun da na ji a bakin rumbun nan.