Kabtin Ɗinmu na Jirgin Khartum

Alhamis: daga gida zuwa Mayo

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito, ni da ko Madani sau biyu na taɓa zuwa a rayuwata. Inna ta rako ni bakin ƙofa tana dogara sanda, don idonta ya yi rauni sosai bana. Ta ce, "Amina, shekara huɗu Idrisu bai taka garin ga ba. Je ki gano min jirgin da ya riƙe min ɗa, ki taho min da shi tun ina iya gane fuska."

Idrisu shi ne autanmu. Tun ranar da ya bugo waya ya ce ya zama kabtin a jirgin ruwa, ba a ƙara kiran Inna da sunanta ba, sai Uwar Kabtin. Aike ba ya yankewa, gaisuwa ba ta yankewa, amma kowace salla sai ya ce aiki.

Motar masu tumatir ta sauke ni Sinja shida saura kwata, bas ya tashi shida da rabi. Duk mai shirin wannan tafiya ya riƙe mayafi mai kauri, don na'urar sanyin bas ba ta wasa. Kafin Sennar haƙorana na kaɗawa. Na ce wa direba, "Usta, mutane ka ɗauko ko ɗanyen kifi?" Ya ce, "Hajja, sanyin ma kin biya shi, sha abinki."

Ƙarfe goma muka tsaya Madani, na ci ful, dafaffen wake, da man riɗi, na kora da shayi. Gab da Khartum aka tsayar da mu duba takardu. Ɗan sanda ya ce ina za ni, na ce wurin ƙanena, kabtin ne. Da hannu biyu ya miƙo min katina. Ɗaya da rabi muka shiga babbar tasha, kilomita ɗari uku da wani abu, in ji usta. Goggo Hawwa, ƙanwar babanmu, ta tare ni da raksha mai ƙafa uku muka wuce gidanta a unguwar Mayo.

Bayan la'asar na kira Idrisu. Ya ce, "Yaya, bari ni in zo in same ki."

"A'a. Jirgin aka aiko ni gani."

"To... gobe ƙarfe uku. Zan bar sunanku a ƙofa."

Juma'a: cikin jirgi

Jama'a, ni ruwa na sani. A bakin kogin nan aka haife ni, na sha shiga bantun, jirgin fito, da awaki da jakai. Amma wannan ba jirgi ba ne, gida ne hawa uku aka ɗora a kan ruwa. Ƙafa na nutsewa cikin darduma. Bangon duk gilashi, kana zaune kogi na wucewa ta gefen kafaɗarka. Kowane tebur da farin ƙyalle, kowane mutum da cokali uku. Goggo ta raɗa min, "Biyun na wa za a kai wa?"

Mai tsaron ƙofa ya duba takarda ya ce, "Baƙin Kabtin Idris ne, ku biyo ni." Wallahi sai da tsayina ya ƙaru. Ku ma in za ku, ku sa a ajiye muku wuri tun ana gobe, kuma ku nemi hawa na biyu kusa da taga. Na sama rana, na ƙasa ƙarar inji.

Jirgi ya tashi uku da rabi, ko girgiza babu. Muka gyara zama muna jiran siniya, babban tiren abinci, kamar yadda baƙo ke yi a ko'ina. Rabin awa, shiru. Mutane sai tashi suke suna buɗe tukwanen masu gida da hannunsu, ko kunya. Goggo ta ce, "Yunwa ta ɓata mutanen birni. Mu dai ba a yi mana wannan tarbiyya ba." Sai wata baiwar Allah a teburin gefe ta ce, "Hajjoji, nan bufe ne, ba mai kawo muku. Ku tashi tun kifin bai ƙare ba."

Kada ku yi irin tawa, na cika faranti da shinkafa a tukunyar farko. Ku zagaya tukuna da faranti wayam. A gaba akwai kifin bulti soyayye, da gasasshen rago ana yanka maka a gabanka, da wasu ƙwarin teku masu kama da fara, jambari, waɗanda na rufe ido na ci, na koma na ƙaro. Kayan zaƙi kuwa teburinsu daban, ya fi ɗakina tsawo.

Har yanzu ba Idrisu. Na ce ai yana tuƙi, na hau sama. Na tarar da wani dattijo riƙe da sitiyari. Na ce, "Baba, ina kabtin?" Ya ce, "Ni rayyis ne, matuƙi, 'yata. Kabtin yana ƙasa, wajen abinci."

Ina saukowa na ji wani mai tumbi ya ɗaga hannu, "Ya kabtin! Ruwa!" Sai ga Idrisu cikin baƙar falmaran, da tawul a hannu. Ashe a wurin cin abinci na birni, shugaban masu hidimar tebur shi ake ce wa kabtin. Idonmu ya haɗu, ya sunkuyar da kai.

Na koma na zauna. Daidai nan jirgi ya iso Mugran, inda kogin namu ke gamuwa da farin kogi. Ruwa biyu kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, suna tafiya ba su gauraya ba. Ni ina kallon ikon Allah ta taga, ina kuma kallon ƙanena. Da ƙifta ido yake juya mutum goma. Ya hango tsohuwar da ba ta iya tashi ba, ya sa an kai mata. Ɗaki cike da mutane, ba wanda kofinsa ya bushe.

Da aka ɗaure jirgi gab da magariba ya same ni a bakin gaɓa. "Yaya, ban yi ƙarya ba. Ina cewa kabtin kuka ɗau guɗa, ban samu na ƙarasa ba. Da wane ido zan kalli Inna?"

Na ce, "Da wanda take so ta gani kafin nata ya rufe. Nemi izini, jibi za mu."

Lahadi: komawa

Bas ɗin bakwai muka hau. Daga Khartum har Sennar Idrisu taga yake kallo, ful ɗin Madani ma ni na cinye nasa. Uku da kwata muka shiga gari. Kafin mu kai ƙofa tsakar gida ta cika, maƙwabta na ta "Kabtin ya iso!"

Inna ta kama fuskarsa ta jawo kusa da tata, ta daɗe. Sannan ta ce, "Jirgin fa, wa ka bar ma shi?"

Ya durƙusa. "Inna, ni ba tuƙi nake ba. Abinci nake kai wa mutane."

Inna ba ta saki fuskar ba. "Suna ƙoshi?"

"Suna ƙoshi, Inna."

"To mi kake jira? Ga baƙi sun cika min gida. Tashi ɗauko siniya."

Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da mu biyu. Allah ya saka wa Goggo Hawwa da shimfiɗarta, da baiwar Allah da ta hana mu sauka da yunwa. Idrisu kuma shi ya ce in rubuta komai yadda yake, ya huta da bayani ƙofa ƙofa.