Damunan da na yi da injin yankan ciyawa

Shekarun da na yi aiki a wani lambun biki a Tarauni, rabinsu a tsugune na yi su gindin injin yankan ciyawa. Irin wanda ake hawa ne, mai kujera da sitiyari kamar ƙaramar tarakta. Gwanjo aka sayo shi, ya riga ya sha wuyarsa a wata ƙasar kafin ya iso mu. Ni ne mai gyara. Mai tuƙi kuwa wani dattijo ne Kirista daga kudu, wanda ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Baba muke ce masa.

Da rani injin hutawa yake. Damina ce ke cin mu. Ka yanke ciyawa yau, kafin bikin Asabar ta sake ɗagowa, ga laka tana cusa kanta cikin ƙafafun injin. Sai boris ya fara kuka, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa. Baba ke fara ji. Ya kashe injin ya ce, "Malam, ƙafar hagu tana gurnani."

In sa jak in ɗaga, in kama tayar in girgiza. Idan ta yi wasa, na san wunin ya tafi. In kwance, in wanke da kananzir, in cusa sabon giris da yatsa. Giris ɗin nan ba ya fita daga ƙarƙashin farce. Matata a Gyadi-Gyadi ta gaji da magana, ta koma ajiye mini cokali kusa da tuwo.

Wahalar ita ce babu mai sayar da kayan wannan injin. Sai in ƙulle mataccen boris a leda in bi shagunan Unguwa Uku ina gwadawa da na Keke mai ƙafa uku da na janareta. Wani ya yi daidai ta ciki, ta waje ya yi girma. In dawo da ƙafa a kumbure, hannu wofi.

Birki ma haka. Lambun yana da gangara ta wajen katangar baya, inda kwata take. Fatar birkin ta cinye, na kai wa wani mai gyaran babur ya liƙa sabuwa, ta riƙe mu damina guda. Wata safiya bayan ruwa, ina gyaran famfo, na ɗago na ga injin yana sulalewa a gangarar. Ba gudu yake ba. Baba yana ta taka birki har tayar gaba ta faɗa kwata, injin ya kifa ta gefe ya danne masa gwiwa. Da muka ɗaga na duba, sandar da ke jan birkin ce tsatsa ta ci ta ciki ta karye.

Hajiya mai lambun ta kai shi asibiti da motarta. Da ta dawo ta tsaya tana kallon injin ta ce, "Malam, abin nan ya ishe ni."

"Zai gyaru, Hajiya."

"Kullum gyaruwa yake."

Na gyara ɗin. Na kai sandar wajen mai walda, na canza boris na gaba duka. Da na je duba Baba a Daurawa, yana kishingiɗe matarsa tana gasa masa ƙafar, abin da ya fara tambaya shi ne ko ciyawa ta kai gwiwa. Na ce ta kusa.

Bai sake hawa ba. Kafin ya miƙe Hajiya ta sa an kankare filin an shimfiɗa ciyawar roba. Ban ga laifinta ba, amare ma sun fi son ta, ba ta ɓata takalmi. Wata makaranta a Hotoro ta ɗauki injin. Ranar da suka zo na nuna wa direbansu inda ake sa giris, na ce ya riƙa wanke laka kafin ta bushe. Yana gyaɗa kai yana duba waya.

Yanzu Baba ke zama a bakin ƙofa da sandarsa, ni kuma ina share ledar ruwa da shinkafa daga kan robar. Bayana har yau ciwo yake, in na sunkuya sai na dafa ƙasa nake tashi.