Rumfar da Baballe Tela Ya Kafa

A unguwar Briqueterie aka haifi Baballe, a nan Yawunde, tun gidajenmu na ƙasa ne da rufin kwano, tun babu benen da zai tare maka hanyar kasuwar Mokolo. Ubansa, Malam Sule, daga Garwa ya zo da keken ɗinkinsa. Baballe ya gaji keken, ya gaji shagon, daga baya kuma ya zama shugaban Ƙungiyar Rufin Asiri, wato Prezidan, ƙungiyar da ubansa na cikin waɗanda suka kafa ta. Mutum ne mai tsabta da cika alkawari. Idan ya ce ka zo Laraba ka karɓi rigarka, to Larabar ce, kuma ba kowane tela ake yi wa wannan shaida ba.

Mahauta da teloli da 'yan koli ne suka kafa ƙungiyar, aikinta kuma guda ne: ciyar da gidan da ya shiga wani hali ba tare da maƙwabta sun sani ba. Akan haɗa shinkafa da mai da nama, a rufe a babban kwano, a ba wata dattijuwa ta kai, ta ce naman suna ne daga gidan wane. Alhali ba a haihu a gidan kowa ba. Mai kaiwa ta sani, mai karɓa ya sani, sai a ce Allah ya raya, a rabu da mutunci. A zamanin Baballe, Inna Jaratu ce mai kai kwanon, ita kaɗai ta san gidajen.

Shekaru suka ja, tsofaffi suka yi ta rasuwa. 'Ya'yansu wasu sun tafi Duwala, wasu sun shiga ƙungiyoyi masu anko da hotuna a waya. Taron da a dā sai an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya ya koma benci ɗaya a shagon Baballe, ko shi ma ba ya cika. Abin ya dame shi ƙwarai, don ba ya son a ce a hannunsa ta mutu.

Shamsuddin, mai sayar da wayoyi a Mokolo, shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinmu, kuma shi ya kawo shawara.

"Kawu Prezidan, wa zai shiga abin da ba ya gani? Ku kun ɓoye aikinku har kun ɓoye kanku. A kafa rumfa, a jera buhuna, a raba a gaban jama'a, a ɗauki hoto. Haka kowa ke yi a garin nan."

Baballe ya je wurin Inna Jaratu neman sunayen gidajen. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai Baballe, ni na yi maka wankan jarirta. Yau ni za ka sa in tona wa mutane asiri? Tashi ka ba ni wuri."

Sai dai tela ba ya rasa sanin wanda ya daɗe bai ɗinka rigar Sallah ba. Da haka Baballe ya zaɓi mutanensa. A cikinsu akwai Baba Siddiƙ, tsohon mahauci da ganinsa ya yi rauni, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Shi ne ma ya ƙirƙiro dabarar naman suna. Baballe ya je da kansa ya ce masa za a karrama shi a matsayin uba. Da gaske yake nufi. A tunaninsa, idan aka haɗa karramawa da kyauta, ɗayar za ta rufe ɗayar.

Ran taro aka kafa rumfa a bakin titi, aka yi hayar kujeru da lasifika, 'yan ƙungiya suka sha ankon da Baballe ya ɗinka. Baba Siddiƙ ya zo cikin tsohuwar babbar rigarsa, ta sha guga, aka zaunar da shi a gaba. Shamsuddin ya kama lasifika, ya yi bayani da Faransanci, ya maimaita da Hausa, sannan ya ɗaga murya.

"Na farko cikin mabuƙatanmu na bana, Baba Siddiƙ! A tafa masa!"

Aka tafa. Tsohon ya miƙe. Aka kama hannunsa aka ɗora a kan buhun shinkafa, wayoyi suka tashi sama, wani yana cewa, "Baba, ɗago kai, dubi nan." Ya ɗago. Ya juya wajen da yake jin numfashin Baballe, ya ce a hankali, "Wa ya haihu?"

Mu da ke kusa muka sunkuyar da kai.

Abin takaicin shi ne dabarar ta yi aiki. Hoton ya zaga wayoyi, taro na gaba shagon bai ɗauki mutane ba, matasa har waje suna neman shiga. Ana cikin haka Inna Jaratu ta shigo da kwano a rufe, ta dire shi a kan teburin yankan yadi.

"Daga gidan Siddiƙ nake, na kai masa kwano ya ƙi karɓa. Ya ce a gaya wa Prezidan ya ƙoshi. Kuma na leƙa madafinsu, ko wuta ba a hura ba. Buhun ma ya bayar a masallaci."

Washegari bayan la'asar Baballe ya je gidan tsohon. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya ce, "Baba, na yi kuskure. A yafe mini."

"Na yafe. Za ka iya cire hoton?"

"Zan sa a goge."

"Daga ina za a goge? Ya kai Garwa. Surukan 'yata sun kira suna tambaya ko yunwa ce ta fitar da ni titi. Ni na koya wa ubanka rufe kwano, Baballe."

A taron da aka shirya don tsara shekara mai zuwa, Shamsuddin ya kawo batun babbar rumfa da gayyatar manyan baƙi. Baballe ya miƙe, ya gaya wa sababbin shiga abin da rumfar farko ta jawo, bai ɗora wa kowa laifin ba sai kansa. Ya ce muddin yana kan kujerar, ba rumfa, ba hoto, ba kiran suna. Wani matashi ya ce, "To mu ankon ne ribarmu?" Aka yi dariya kaɗan. Da yawa ba su sake dawowa ba. Shamsuddin yana cikin waɗanda suka tsaya, kuma shi ya ce a nemi mata biyu masu riƙe magana su fara bin Inna Jaratu, tunda ƙafafunta sun fara gajiya. Aka amince. A kan haka ƙungiyar take tafiya yanzu, ba ta cika titi ba, amma ta wuce benci ɗaya.

Baba Siddiƙ dai bai sake karɓar komai daga hannunmu ba. Kafin azumi ya bar gidan da ya tsufa a ciki, ya koma wurin ɗan ƙanensa a unguwar Madagascar, inda ba a san fuskarsa sosai ba. Baballe yakan rufe shago ya taka ya je gaishe shi. Ana shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a yi zancen ruwan sama da tsadar shanu. Ko goro ya miƙa, tsohon sai ya ce haƙoransa ba sa iyawa. Idan zai tafi kuma ya ce masa, "Sauka lafiya, Prezidan," kamar yadda ake sallamar baƙo.