Kwarin da Muka Gani a Majigi

Lokacin da arzikin man fetur ya shigo, soja na mulki, ina ƙaramin jami'i a ma'aikatar gona a Sakkwato. Baƙi sun cika gari a shekarun nan, kowa da aikin da aka ɗauko shi ya yi. Cikinsu akwai mutum biyu daga wata ƙasa ta can gabas mai nisa, ƙasar da ta rufe ƙofarta, ba mai shiga ba mai fita sai da izinin shugabanta. An kawo su su koya mana noman shinkafa da injin ban-ruwa a fadamar Dundaye, ni kuma aka ce in riƙa raka su ina yi musu tafinta da manoma.

Babban cikinsu dattijo ne siriri, mai furfura, muna ce masa Injiniya. Yana jin Turanci kaɗan, kuma kafin damina ta wuce ya tsinci Hausa daidai gaisuwa da ciniki. Ɗayan matashi ne, ban taɓa ganin ya taɓa ko sufanar gyaran inji ba. Aikinsa kawai ya tsaya inda Injiniya ya tsaya, ya ji abin da ya faɗa. Manoma suka laƙaba masa Mai-ido.

Wata rana suka gayyace mu kallon majigi a gidan da aka sauke su a Sama Road, wai mu ga ci gaban ƙasarsu. Na tafi da maƙwabcina na unguwar Mabera, malamin firamare, Kirista mutumin Filato, wanda duk unguwa ke kira Ticha. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa kafin ya koma aji. Bayan la'asar aka rufe tagogi da barguna, muka zauna mu da manyan ma'aikata da wani hafsan soja daga gidan gwamnati.

Da farko gonaki aka nuna, da 'yan makaranta suna waƙa. Sai hoton ya koma wani kwari tsakanin duwatsu, ga teku a gefe. Wata doguwar mota ta tsaya, ta ɗaga wani abu kamar gangar jikin giginya, ta miƙar da shi sama. Wuta ta fito ta ƙarƙashinsa, ƙasa ta yi baƙi, abin ya tashi ya bar hayaƙi a baya. Ban taɓa ganin makami mai linzami ba sai ran nan. Ashe kofin lemon da ke hannuna ya karkace yana zuba a rigata, ban sani ba.

Ticha ya miƙe tsaye cikin duhu. Ya ce, "A kan wa za a sauke wannan?"

Mai-ido ya yi murmushi ya ce, a kan maƙiya.

"Na ga abin da ƙaramin roka ya yi wa kasuwa," in ji Ticha. "Ni na kwashe mutanen. Ban ga maƙiyi ko ɗaya cikinsu ba, mata ne masu sayar da manja."

Hafsan sojan ya juyo ya ce wa Ticha ya zauna. Sannan ya tafa hannu, ya ce da dariya, ai yanzu muna da kuɗin man da za mu sayi irinsa mu ma. Wasu suka taya shi dariyar. Ticha ya fice. Na waiwaya in ga Injiniya, sai na tarar da shi a bayan na'urar majigin, ya rufe idonsa gam, har aka kunna fitila bai buɗe ba.

Ba a jima ba zazzaɓin sauro ya kwantar da Mai-ido a asibiti. Injin Dundaye kuma ya tsaya, shinkafa na neman bushewa, dole aka bar mu muka tafi mu biyu. Injiniya ya kwance injin ya gyara, ruwa ya fara gudu. Muka zauna a inuwar wata tsamiya, nesa da manoma. Ya daɗe yana wanke hannunsa a magudanar ruwa, sannan ya ce, "Malam, kwarin nan da ka gani, garinmu ne."

Na ce ban gane ba.

Ya ce a nan aka haife shi. Wata safiya sojoji suka zo da manyan motoci, suka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya, ƙasa na bukatar kwarin. Suka kai su bayan dutse suka zube. Gidaje da maƙabarta duk aka bi da katafila. Gwajin da aka nuna mana, in ji shi, wanda ya yi nasara ne. Akwai na gabansa da ba a ɗauka a hoto ba. Wannan ya tashi, ya karkace, ya faɗo a sabon matsugunin da aka kai su, kusa da rijiya, lokacin da mata ke ɗibar ruwa. Ƙanwarsa na cikinsu.

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwamnati ta ce me?"

"Ta ce babu abin da ya faɗo. An zo gida-gida an gaya mana gobarar murhu ce. An hana kuka a waje. Mahaifiyata ta yi nata cikin bargo."

Mu ma soja ke mulkinmu, mun san a ce yi shiru. Amma a hana uwa kukan 'yarta, kuma a aiko ɗan'uwan mamaciyar ya riƙa kunna wa baƙi hoton abin, wannan bai taɓa zuwa min a rai ba. Sai ya ƙara min wani labarin. Ya ce an sanar da shi cewa in ya koma gida, ba gona zai koma ba. Masana'antar makaman na neman masu sanin famfo, don abin da ke tura ruwa shi ke tura mai cikin makamin.

Da yamma na gaya wa Ticha a ƙofar gidansa. Ko tunani bai tsaya yi ba, ya ce, "Malam, kawo shi. In kai shi ƙauyenmu kan dutse, ba wanda zai same shi." Washegari a mota na isar da saƙon. Injiniya ya riƙe hannuna ya ce in gode wa Ticha. Ya ce yana da mata da 'ya a can, ranar da aka neme shi aka rasa, ranar za a zo a tafi da su, kuma inda ake kai irinsu ba a dawowa.

Mai-ido ya warke. Ban san abin da ya ji ba, ko wa ya gaya masa, ko kuwa tafiyar da muka yi mu biyu kaɗai ta isa. Kafin shinkafa ta nuna, aka ce an kira su gida. Ni na kai su filin jirgi. Injiniya ya miƙo min hannu kamar bai san ni ba, ya ce ya gode wa gwamnatinmu, ya juya ya hau.

Da rani ya zagayo aka turo wasu biyun daga ƙasar. A ranar farko, a hanyar Dundaye, na tambayi babbansu lafiyar dattijon da ya riga su zuwa. Ya dubi abokin tafiyarsa, sannan ya dube ni. Ya ce su ne na farko da ƙasarsu ta taɓa aikowa Sakkwato.

Na ce ga injin da ya kafa can, ga manoma sun san shi.

"Ka yi kuskure," in ji shi, cikin ladabi ƙwarai. "Babu mutum irin wannan."

Direbanmu ya kalle ni ta madubi, bakinsa a buɗe. Na ce ya tsaya. Na sauka na ɗan tsaya a bakin hanya, sannan na koma mota. Da muka dawo gari na je wurin maigidana a ofis na roƙe shi ya ba wani aikin tafintan. Ya tambaye ni dalili, na gaya masa duka. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ce maganar ta tsaya a ɗakin nan, sannan ya mayar da ni sashen irin shuka.