Ɗan Fari Mai Haƙuri

Da cikina na fari ya tsufa, aka maido ni gidanmu a Tibiri goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar farko. Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗakin hayarmu yana Sabon Gari cikin Maraɗi. Shi ya kawo ni da akwatina, ya durƙusa ya gaida Inna, ya juya bai ko dubi inda nake ba. Ban ji haushi ba. Haka aka tashe mu duka: ɗan fari abin kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Uba ma haka. In an tambaye ka lafiyarsa sai ka sunkuyar da kai, wani ya amsa maka.

Na haihu lafiya a matarnite, asibitin haihuwa, namiji, washegari aka sallame mu. Ɗakin da aka gyara mini na marigayiya kakata ne, taga ɗaya gare shi, ita ma Gwaggo, ƙanwar babana, ta toshe ta da tsohon buhu don kada iska ta shigi mai jego. Gwaggo ce mai wankana. Safe da yamma takan tafasa ruwa da ganyen bedi, wato dogon yaro, ta yi ta fyaɗa mini, ina cije baki, sannan ta tsare ni da kwanon kunun kanwa sai na ga ƙarshensa. Ita ke yi wa jaririn wanka, ta gasa masa cibi, ta rambaɗa masa kwalli. Ni nawa aikin in karɓa in an miƙo, in ba shi nono fuskata na kallon bango, in mayar.

'Yan barka suka yi ta shigowa, kuma bakinsu ɗaya.

"Wanga yaro akwai haƙuri! Ko kukanai ba a ji."

"Ga shi jawur, tubarkalla."

Uwar mijina ta zo daga Jiratawa da kaji da buhun hatsi. Ta ɗauke shi ta jujjuya cikin duhun ɗakin, bai ko motsa ba. Ta yi dariya ta ce ubansa ma haka ya yi, barci kawai kamar an biya shi. Kowa ya ji daɗi. Ni ma na so in ji daɗi, amma tun lokacin wannan yabo ya fara tsaya mini a wuya.

Abin da ya sa shi ne, ranar da aka haife shi da washegari yakan kama nono da ƙarfi har sai na runtse ido. Bayan nan sai kamun ya fara sanyi. Ya ja kaɗan, ya saki, kansa ya langaɓe. In na shafa masa kunci a ɓoye ya sake kamawa, ya sake saki. Nonona ya cika ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda, gaban rigata kullum a jiƙe. Ba wanda zai san haka cikin gidan nan sai ni, tunda a jikina abin yake faruwa, ni kuwa ni ce wadda ba a yarda ta yi maganarsa ba.

Na daure na faɗa wa Inna, a kaikaice, ina kallon ƙasa.

"Inna, wancan naku fa ba shi sha."

Ta waiga ƙofa kafin ta amsa. "Ke, rufa muna asiri. Ƙoshi ne."

Ashe Gwaggo na bayan labule. Ta fita tsakar gida tana tafa hannu. "Ku taho ku ji 'yar lakwal! Ko suna ba a yi ba, ta hwara ƙirga ma ɗanta loma!" Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani, kuma a ranar na ji kamar in fita in kifar da tukunyar wankan. Amma kunya ta fi ƙarfina, na kwanta na juya wa ƙofa baya.

Da rana tsaka, washegari, matan duk suka taru gindin bedi suna dakan suna. Ɗakin ya rage daga ni sai shi. Na ɗauke shi, na je na ja gefen buhun nan na taga, haske ya faɗo masa a fuska. Wannan ne karon farko da na ƙare wa ɗana kallo. Jan da ake yabo ba ja ba ne. Na sa yatsa na buɗe idonsa a hankali, ƙarƙashin kwallin, sai na ga farin idon ya koma kamar ƙwanduwar ƙwai. Na buɗe zanen. Ƙirjinsa haka, cikinsa haka. Duk wannan juyi da nake yi da shi bai farka ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga sautin taɓare yana ta dukan ƙasa a waje.

Na kira mijina a waya. Tun da na haihu, in ya kira sai dai ya ce, "Ya gidan?" in ce lafiya lau. Ran nan na gaya masa abin da na gani, ban ɓoye komai ba. Ina jin hayaniyar 'yan ajinsa, sannan ya tambaye ni.

"Su Inna sun gani?"

"Na hwaɗa masu."

"To, ai sun hi mu sani. Gobe ina tahe da rago."

Na kashe wayar ba sallama. Daga baya ya ce mini ranar bai san abin da ya koyar ba, ya kuma ɗauki babur har bakin hanyar Tibiri sannan ya juya, don bai san da wane baki zai shiga gidan surukai ya ce ya zo duba ɗansa ba.

Da Gwaggo ta zo wankan yamma na nuna mata idon. Ta duba ta taɓe baki. Ta ce shawara ce, kowane jinjiri na yi, ita ta yi jegon yara sun fi a ƙirga. Ta jiƙa saiwar rawaya ta ɗiga masa da ƙaramin cokali, ruwan ya biyo gefen bakinsa ya gangara wuya. Na ce ko a kai shi likita. Ta ce ba a fitar da jinjiri kafin suna, in an yi suna a kai shi duk inda nake so.

Ranar jajibirin suna gidan ya cika maƙil. An girke manyan tukwane, 'yan Jiratawa sun iso, ana ta shewa. Da hantsi, ina zaune da shi a cinya, sai ya yi kuka. Ban taɓa jin irinsa ba, ba na kuma fatan in sake ji. Siriri ne, mai tsini, kamar na ɗan mage da aka taka. Ya banƙare, ƙeyarsa ta nufi bayansa, hannuwansa suka miƙe suka sandare. Daga waje na ji wata ta ce, "Ayyururui! Yau ango ya yi magana!" Aka sa dariya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungume shi na fita haka nan, ɗaurin ƙirji da ɗankwali, ba mayafi. Hasken rana ya kashe mini ido don na kwana biyu ban fito ba. Na ratsa tsakiyar matan nan, ina jin dariyar tana mutuwa a bayana. Inna ta kira ni, ban waiga ba. Na wuce har zaure, inda Baba yake zaune da ƙannensa da baƙi, mijina kuma yana tsugune daga bakin ƙofa riƙe da igiyar rago, kansa a ƙasa.

Na tsaya a kan mijina na ce, "Ɗana ba shi da lahiya. Ɗana ne, naka ne, kuma mutuwa za shi yi in ba ka tashi ba."

A bayana Gwaggo na salati, tana cewa na zubar musu da mutunci gaban surukai. Na ɗora wa mijina yaron a hannu, shi da bai taɓa ɗaukarsa ba. Ya saki igiyar, ragon ya yi waje, ba wanda ya bi shi. Baba ya matso ya kama 'yar ƙafar jaririn ya juya tafin zuwa haske. Har can rawayar ta kai. Ya dubi mijina ya ce, "Tashi ka nemo mota."

Tsakanin Tibiri da Maraɗi ba nisa, amma ranar na ga kamar ana ƙara wa hanyar tsawo. A asibiti wata ma'aikaciya ta tuɓe shi, ta goge kwallin da auduga, ta duba, fuskarta ta canza. Ta tambayi tun yaushe ya rage shan nono. Mijina ya juyo ya kalle ni. Na ba ta amsa dalla-dalla, ta rubuta. Aka rufe masa ido, aka kwantar da shi tsirara ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Da safe aka raɗa suna a Tibiri ba mai sunan. Baba ya bugo ya faɗa wa mijina, shi kuma ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne, yana waige-waige. Na juya ga yaron na kira sunan da ƙarfi, har matar gadon kusa ta ɗago kai.

Ya rayu. Ya dawo yana kama nono kamar zai cire, rawayar ta washe, muka koma Tibiri na ƙarasa wanka. Gwaggo ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka, amma da na shiga ɗakin na tarar an cire buhun taga, aka ce ita ta fizge shi da hannunta. Na yi arba'in na koma Sabon Gari, muna ganin mun tsallake.

Ya fara zama kenan, wata rana da yamma, babban faranti ya suɓuce mini ya faɗi kan siminti dab da bayansa. Kajin maƙwabta suka watse, mijina ya fito daga ɗaki da gudu. Yaron yana zaune yana wasa da yatsun ƙafarsa, bai ko ƙifta ba. Muka kalli juna. Mijina ya ɗauki farantin, ya zagaya bayansa, ya sake sakinsa da gangan. Likita ya tabbatar mana daga baya cewa shawarar ta riga ta taɓa jinsa kafin mu kai shi.

Yanzu ya girma, yana zuwa makarantar kurame, ya fi ƙannensa wayo da ƙiriniya. Matan unguwa sun san ni da rashin kunyar ɗan fari, suna faɗa a bayan idona, wasu ma a gabana. Su yi ta faɗa. Kullum da safe in na dama koko nakan tsaya bakin madafa in ƙwala masa kira da cikakken sunansa, har na bayan katanga su ji. Ba ya juyowa. Sai in taka in je in dafa kafaɗarsa, ya ɗago ya zuba wa bakina ido, in sake faɗa masa a hankali.