Ranar da Na Goge wa Iya Zanenta

Layi ɗaya na ƙara a saƙo, layi ɗaya tak, kuma saboda ƙurajen fuskata na ƙara shi. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don in Yayana ne ya ba ku labarin, sai kun ɗauka gari na ƙona.

Yayana mai ɗaukar hoton biki ne. Da an gama girbi, gero ya shiga rumbu, an kai gyaɗa kasuwar Ɗambatta, sai aure ya ɓarke a ƙauyukanmu kamar an busa usur. Ranar Asabar ɗaya sai ya yi gida uku. Ɗaukar ba ta dame shi ba, gyaran ne ke cin ransa. Kwamfutarsa ta girme ni, in ka kunna ta sai ka je ka ba awaki dusa ka dawo tana nan tana tunani. Ga wuta babu. Har amare suka fara haihuwa albam ɗinsu bai fito ba. To, ban ce duka ba, amma ɗaya dai ta haihu.

Ni na kawo shawarar a ba wani gyaran. Na samo wani mai gyaran hoto a cikin birnin Kano ta waya, ba mu taɓa ganin ko inuwarsa ba. Mu tura masa hotuna, ya gyara, ya kai a wanke, ya ba direban bas ya sauke mana a tasha. Yaya ya ce tunda ni ne mai bakin tsiya da saurin yatsa, ni zan riƙa rubuta masa abin da ake so. Nan take na naɗa kaina manaja.

Aikin farko da muka tura babba ne: bikin 'yar wani Alhaji mai sayar da taki, wanda yake da sauran 'yan mata huɗu a gida, ta biyun ma saura mako biyu a ɗaura nata. Yaya ya ce in muka riƙe gidan nan mun riƙe unguwar gaba ɗaya, in muka sake shi kuwa, akwai wani mai hoto daga Bici da ya daɗe yana zagaye gidan da babur.

"Rubuta masa," in ji Yaya, yana ɗaure jaka a bayan babur zai tafi wani bikin. "Ya daidaita haske. Akuyar nan da ta shiga hoton ango ya cire ta. Shi ke nan."

Na rubuta. Sai na tuna akwai hoto ɗaya da na kutsa kai a bayan abokan ango, na sha hula, na karkace baki, ga ƙuraje sun yi min taro a goshi kamar ranar kasuwa. Na ji kunyar in ce a gyara fuskar wancan yaron na gefe, kada ya gane ni ne. Sai na yi dabara, na rubuta: "Kuma duk wani tabo ko zane da ka gani a fuskar kowa, ka goge shi tas."

Da ya turo samfuri a waya, hotona kawai na buɗe. Goshina sumul kamar ƙwai. Na ce masa ya yi daidai, a wanke.

Ranar Litinin bayan la'asar muka kai albam, daga tasha kai tsaye, ko buɗe shi Yaya bai yi ba. Alhaji na zaune a zaure tare da limamin unguwa. Yaya ya durƙusa ya miƙa, ni kuma na tsaya ina gyara wuyan riga irin na manajoji.

Alhaji ya buɗa shafin farko. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya juya shi wajen haske.

"Wannan baƙon fa? Daga dangin ango yake?"

"Kai ne, Alhaji," in ji Yaya, muryarsa ta fara ƙanƙancewa.

"Ni? Ina tabon da saniya ta yi min a haɓa?"

Liman ya miƙa hannu ya karɓa. Ya nemo kansa a wajen ɗaurin aure, ya shafa goshinsa na gaske, ya shafa na hoton. Tabon sallarsa babu ko alama.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Shekara da shekaru ina sa goshi a ƙasa, wani ya share da yatsa ɗaya. Allah dai ya sa a can ba a goge ba."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Sannan aka shiga da albam cikin gida, wajen Iya, mahaifiyar Alhaji. Ba a yi minti biyar ba muka ji ta tun daga tsakar gida tana cewa a shigo mata da masu hoton nan. Tana zaune a tabarma, ta ɗora albam a cinya, yatsanta a kan wata mata mai santsin kumatu da fararen haƙora, ta rungume amarya.

"Kai, mai kyamara. Wace ce wannan ta sa zanina, ta riƙe min jika?"

"Ke ce, Iya."

"Ni ce? To ina zanen fuskata?" Ta ja yatsa a kumatunta, inda tsagar gidansu take jere tun tana jaririya. "Da wannan ake gane daga inda na fito. Na kasuwa ma in sun gani sun san gidan da za su tambaya. Yanzu an daina yi wa yara, ni ce ta ƙarshe da ke ɗauke da shi a gidan nan. In na mutu 'ya'yan yarinyar nan suka buɗe, wa za a ce musu wannan? Ma'aikaciyar banki?"

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce in Juma'a ta yi uwarsa ba ta dawo cikin albam ba, zai kira na Bici.

Yaya ya karɓi wayar daga hannuna, ya karanta saƙon. Ya karanta shi sau biyu. Ya dube ni, ya dubi goshina, ya buɗe shafin abokan ango. Wallahi ban taɓa sanin mutum zai iya gane abu da sauri haka ba.

"Saboda ƙurajenka?"

"Yaya, ai gyara ne na gama-gari..."

"Saboda ƙurajenka ka goge wa Liman sallah?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Iya ta ce, "Au, maigidana ne ya yi? To zo nan, ɗan nema. Wa kake so ka burge da goshin, ni ko wata?"

Muka kira mai gyaran. Ya ce shi abin da aka rubuta ya yi, har ma zanen tsohuwar ya fi komai ba shi wahala, ya kusa awa ɗaya a kansa. Hotunan asali suna nan, zai sake, amma a gaya masa dalla-dalla me za a taɓa, me za a bari. Iya ta ce a ba ta wayar. Na danna mata saƙon murya, ta riƙe ta nesa da baki kamar za ta cije ta.

"Salamu alaikum, yaro. Ban san ka ba, amma ka san fuskata fiye da kowa. Zanen nan uku-uku ne kowane kunci, da ɗaya a gefen ido. Ka mayar min da abina, kada ka rage ko ɗaya." Ta sake leƙa hoton. "Haƙoran kuwa ka bar su yadda ka yi su. Goro ne ya ɓata su, ba gado ba ne."

Shi ke nan ta buɗe ƙofa. Kafin magariba na zama magatakarda, mutane sun yi layi. Alhaji a mayar masa da tabon saniya, amma tumbin a ɗan rage. Liman a mayar da goshi, ba ya son ƙari ko ragi. Wata gwaggon amarya ta ce ita kada a kuskura a taɓa ta, haka take tun asali, hoton ne yau ya faɗi gaskiya. Wani ƙanin ango ya zo takanas ya ce a dawo da akuyar, tasa ce, kuma an riga an sayar da ita. Shafi biyu na cika a littafin lissafina na makaranta.

Da na zo kan sunana na tsallake, ina fatan a manta. Yaya ya karɓi biro ya rubuta da hannunsa.

Sabon albam ya iso tasha ranar Alhamis da hantsi. Iya ta ƙirga zanenta da yatsa, ta same su cif, ta yi wa haƙoran hoton da ba nata ba murmushi. Alhaji ya ba Yaya bikin 'yarsa ta biyu. Har yanzu ni ke tura saƙo, amma sai na karanta wa Yaya da ƙarfi kafin in danna. Ƙurajena kuwa an mayar da su duka, suna shafi na goma sha ɗaya.